Duwatsu a Tukunyar Inna

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Ranar sha huɗu ga Oktoba ce. Wata biyar ke nan ina kewaye ta kamar mai kewaye kare a bakin ƙofa. Yau zan rubuta ta a bayan littafin girki, tunda mijina Tingbo ba ya buɗe shi.

Kwana biyu ne bayan guguwar teku. Na dafa kaza, na dafa shinkafa da romonta, na zuba a kwano mai hawa uku, na hau keke zuwa wurin aikinsa. Wata bakwai da aurenmu a lokacin. A littafin da nake karantawa a makon nan, matar wani hafsan soja ta kai masa abinci har bakin daga, ya diro daga doki ya share mata gumi da hannun rigarsa. Abin da na je nema ke nan, ba zan ɓoye ba.

Ba a gama shingen gabas ba tukuna, sai na bi ta tsohon ƙauyenmu, wanda aka tashe mu daga cikinsa don a gina hasumiyar harba kumbo. Babu gida, babu kwakwa ko ɗaya, sai jar ƙasa. Saura kaburbura goma sha ɗaya a kusurwa, kowanne da jar tuta, suna jiran ranar da Kawu Pan mai duba kwanciyar ƙasa ya zaɓa musu a kwashe. Na Inna, uwar mijina, ranarsa ashirin ga wata. Kamfani ya yarda ya jira. Amma guguwa ta kwashe tutocin, ta rufe tudun kaburburan da yashi da ganye.

Na hango katafila mai lamba bakwai, tasa. Ta ɗaga cokalinta sama ta tsaya cak. A haƙoran akwai ɓallen baƙin katako, da shuɗin tsumma yana lilo. Guifang, matar Yaya Babba wan mijina, ta sha ba ni labarin shuɗiyar rigar da suka sa wa Inna. Tifa uku sun riga sun tafi da ƙasa. Ta huɗu tana jira, direbanta Kang, baƙon nan na ƙetaren ruwa da muke kira mai barkono. Tingbo ya leƙo ya dubi cokalin. Ya dubi Kang. Sai ya gan ni.

Ya juye cokalin cikin tifar.

Na koma gida da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba. Bai tambaye ni ba, ban tambaye shi ba.

Jajiberin ashirin ga wata ya tafi bakin teku da buhu. Ya dawo da fararen duwatsun nan masu rassa kamar yatsu, ya zauna a bayan gida yana wanke su da giyar shinkafa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake wanke ƙashin mamaci. Washegari ya gaya wa Baba, mahaifinsa, da Yaya an rufe shinge, mai katin aiki kaɗai ke shiga, shi zai tsince ƙasusuwan. Ni na tsaya a ƙofa da baƙar lema don kada rana ta ga Inna. Ya fito da tukunyar ƙasusuwa a liƙe. A kan cinyata na riƙe ta a bayan babur har sabuwar maƙabarta, duk ramin da muka faɗa ina jin abin da ke ciki yana magana. Baba ya shafa murfin, ya ce, "Kin yi nauyi, tsohuwa, ashe ƙasa ta karɓe ki." Kowa ya yi dariya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau: injin jirgin Yaya ya mutu sau biyu a tsakiyar ruwa, ƙafar Baba ta kumbura, cikin Guifang ya zube a watan jiya. An kira Kawu Pan. Ya ɗora faifan dubansa a kan kabari, ya ce Inna ba ta zauna daidai ba, wataƙila an juyar da kanta ta ba ƙofa baya. Za a buɗe tukunya a gyara ranar ashirin ga Maris.

Laraba, 5 ga Maris, da safe

Guifang ta shigo aron taɓarya, ta tsaya tana kallon kumatuna.

"Amarya, mene ne wannan?"

"Ƙofar kabad ce, Yaya Guifang."

"Kabad ɗin nan naku ɗan dambe ne? Ki aro min shi in kai wa Yayanku, ko ya rage baki." Ta yi dariya, amma ba ta ɗauke ido ba. "Ki dafa ƙwai ki murza da ɗuminsa. Ki kuma rage karatun nan a gabansa. Namiji ya dawo daga rana ya tarar da ke kina kuka saboda wani ɗan sarkin da ba a taɓa haifa ba."

Ba littafi ba ne. Cewa kawai na yi wa Tingbo, "A-Bo, saura kwana goma sha shida."

Alhamis, 6 ga Maris, azahar

Sun ɗora wa hasumiya hawa na tara. Daga tagar kicin ina ganin masu walda kamar ƙudaje a jikin ƙarfe.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yau ya zo da mangwaro guda huɗu, manya. Ya yanka min da kansa, ya yi gida-gida a tsokar yadda nake so. Yana kira na gimbiyar littafi kamar da. Ya ce in ba shi labarin inda na tsaya. Na ce yarinyar ta gano wanda ta aura shi ne ya ƙona garinsu.

"Sai ta yi yaya?"

"Ban kai ba."

"Ki tsallaka ƙarshe mana."

"Ba na tsallakawa."

Ya daɗe yana goge wuƙar a wandonsa. Can ya ce, "A-Lan, idan an tambaye ki, rana ce a idonki. Daga gabas kika zo ko daga yamma, wa zai tuna? Ba ki ga komai ba."

Na ce to.

Mangwaron ya yi zaƙi. Na ci biyu.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Injin da ke dukan turakun ƙarfe ya fara tun asuba. Duk bugu ɗaya sai ruwan randa ya yi rawa. Kajin unguwa sun daina ƙwai. Matan suna cewa idan aka fara harbawa, wuta za ta sauka a rami mai zurfin gida hawa biyar, ta fito ta gefe ta dafe kifin bakin gaɓa. Ɗaya ta ce to mun huta da sayen gawayi.

Ina tunanin ramin. Ba na so, amma ina yi.

Alhamis, 13 ga Maris, la'asar

Na haɗu da Kang a kasuwa, gaban mai sayar da yaji. Yana ta ciniki da harshen nan nasa da ba ya fita, mai yaji tana kwaikwayonsa yana biye mata. Da ya gan ni ya cire hular kwano.

"Matar Tingbo. Yaya ƙafar tsoho?"

"Da sauƙi."

"Na ji za a buɗe."

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ki ce masa ya faɗa da bakinsa kafin ranar. Tsoho zai yi kuka, Yayansa zai mare shi, shi ke nan. Guguwa ce ta cire tuta, ba shi ba." Ya damƙa min ƙullin barkono. "Ku mutanen tsibiri abincinku kamar na asibiti."

Wani ya ga tsayuwarmu. A ƙauyen nan ko tari ka yi sai an kai labari.

Juma'a, 14 ga Maris

Na zame a banɗaki. Ba zan iya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa ba.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe biyu

Ya je wurin Kawu Pan da kwalin taba da ƙullin binlang, goron da ake taunawa a nan, wai a ɗaga ranar zuwa bayan damina. Kawu ya karɓi tabar, ya jefa binlang a baki, ya ce rana ba tasa ba ce, taurari ne suka ajiye ta. Daga nan Tingbo ya wuce maƙabarta da fartanya, ya tarar Yaya ya kafa rumfa a kan kabarin yana zaune a ciki yana gyaran koma.

Ya dawo ya tsaya a tsakar gida. Farar kazata ta zo tana tsattsagar igiyar takalminsa, ta saba da shi, shi ke ba ta tsakin shinkafa. Ya kama ta ta ƙafa. Sau uku a jikin bango. Ya ajiye min ita a bakin murhu ya ce in dafa.

Na dafa. Ya kai loma ɗaya baki, ya fita bayan gida ya yi ta amai. Na kai masa ruwa ya karɓa. Ya riƙe ƙafata yana cewa, "Na ɗauka tushen kwakwa ne, A-Lan. Na ɗauka tushen kwakwa ne." Na dafa kansa. Na so in tambaye shi cokali na ƙarshe, wanda ya gani da idonsa, me ya sa ya juye. Ban tambaya ba.

Talata, 18 ga Maris, da safe

Littattafaina arba'in da uku ne, tun ina makaranta nake tara su. Suna cikin duro a bayan gida yanzu. Ya ce su ke sa ni ina kallonsa irin kallon nan. Takarda mai arha ba ta daɗewa a wuta. Wanda ban gama ba ne ya fara jefawa.

Laraba, 19 ga Maris

Na goge baƙar lema.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

An buɗe.

Zan rubuta yadda ya faru a jere.

Da hantsi muka taru. Baba a kan kujera, ƙafarsa a kan buhu. Yaya ya fasa simintin, ya haƙe, shi da Tingbo suka ɗago tukunyar. Ni na riƙe lema. Mata suna juya baya idan za a buɗe, Guifang ta juya, ni ma na juya, hannuna a miƙe ta baya. Kawu Pan ya kunna turaren tsinke, ya ce, "Matar gidan Fu, 'ya'yanki ne, kada ki firgita, zama za mu gyara miki." Na ji wuƙarsa tana kankare bakin murfi.

Kai ne ke sama. Ƙafa a ƙasa, sai gwiwa, sai haƙarƙari, kai a sama, kamar mutum a zaune. Duk yaron tsibirin nan ya san haka.

Sai na ji an ajiye abu a kan siminti, ƙwas. Sai wani. Sai wani.

Kawu Pan ya ce, a hankali, "Tingbo, ina uwarka?"

Na juyo. Babu wanda ya ce in juya baya kuma. Yaya ya tuntsurar da tukunyar da ƙafa, duwatsu suka warwatsu har gaban Baba. Baba ya sunkuya ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa. Yaya ya ɗaga fartanya. Tingbo ya zube a ƙasa yana buga goshi a siminti har jini ya rufe masa ido.

"Ba ni ba ne, Yaya! Kang ne. Na sauka shan ruwa ya hau katafilata. Kafin in dawo ya kwashe. Na ɓoye ne saboda zuciyar Baba."

"Mai barkono?"

"Shi."

Yaya bai sauke fartanyar ba. Baba ne ya ɗago kai, ya neme ni da ido.

"Amarya. Ranar nan kin kai masa abinci, na tuna, kin dawo da shi ba a ci ba. Ke ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Wa ke cikin motar?"

Lemar tana hannuna, ina yi wa duwatsu inuwa.

Na ce, "Rana ce a idona, Baba. Ban ga wanda ke ciki ba."

Yaya ya sauke fartanyar.

Juma'a, 21 ga Maris, bayan la'asar

Gidan shayin da ke kallon ƙofar shinge, lokacin abincin rana. Su tara ne, duk 'yan gidan Fu, dangin mijina, da sandunan gora na ɗaukar kaya. Yaya da filafilin jirgi. Guifang ta ja ni muka bi su, wai mu riƙe mazanmu. Ba wanda aka riƙe.

Kang yana cin taliya. Ya ga shigowarsu ya tashi da kwanon a hannu, yana murmushi, yana cewa, "'Yan'uwa, ku zauna mana."

Dukan farko a bayan wuya. Tebur ya kife, ruwan zafi ya zube masa a ciki. Suka ja shi waje ta ƙafa, kansa yana bugun matakala. Ma'aikata sun cika bakin hanya da hulunan kwano, ba wanda ya matso. Gora tana fashewa idan an daɗe ana duka da ita, sai ta riƙa yanka. Yaya ya take hannunsa na dama a kan dutsen gefen titi, ya ce, "Da wannan ka haƙa?" Ƙarar kamar ana karya rake.

Sai ya hango ni. Ya ɗaga kai, bakinsa duk jini.

"Ku tambayi matarsa! Ta zo da kwano, ta..."

Tingbo ne ya rufe masa baki. Da diddigen takalmin aiki. Har lokacin bai taɓa shi ba, yana baya-baya. Sau biyu ya yi. Haƙori ɗaya ya zo kusa da ƙafata.

Masu gadi suka fito, sai 'yan sanda. An tafi da Yaya da mutum uku. Tingbo ya sa hularsa, ya nuna kati, ya koma aiki.

A sama masu walda ba su tsaya ba. Ba su ji ba ma, ina jin.

Asabar, 22 ga Maris

Ban ga komai ba. Rana ce a idona.

Litinin, 24 ga Maris, da safe

Baba ya ƙi cin abinci. Dutsen nan yana aljihun rigarsa. Na kai masa kunun shinkafa da busasshen kifi, ya ce in ajiye.

"Amarya, shekara talatin da ɗaya muna gado ɗaya. Na sayi filin kusa da ita. Yanzu kusa da wa zan kwanta?"

Na ce ya sha ko cokali uku.

"Ko in san inda aka zubar da ita. Ko in san ta wace fuska zan kunna turare." Ya kama hannuna, wanda ba ya ɗaguwa, na cije. "Na gode da kika tsaya wa ɗana. Shi mai taushin zuciya ne tun yana ƙarami. Ko kaza ba ya iya yankawa."

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Yau ba zan ce ƙofa ba. Ba zan ce banɗaki ba. Na gaji da neman abin da zan ce.

Ban yi magana ba ma. Miƙa masa ruwa na yi, ya ce me nake nufi da irin miƙawar nan.

Juma'a, 28 ga Maris

Hawa na goma sha ɗaya. An rataya jan ƙyalle mai dogon rubutu. An yi wasan wuta da rana tsaka, karnuka suka shige ƙarƙashin gado.

Lahadi, 30 ga Maris, azahar

Guifang ta zo da man zafi, ta rufe ƙofa, ta ce in cire riga. Ta fara murza min.

"Amarya, wanda aka zalunta shi ne yake duka haka? Ai kuka ya kamata ya riƙa yi a jikinki."

Na juya fuskata bango.

"Ni ba na karanta littafi, amma ina da ido." Ta ci gaba da murzawa. "Kada ki gaya min. Ba na so in sani. Idan na sani, Yayanku zai karanta a fuskata, kin san shi. Ranar Alhamis za a sako shi. Ya aiko cewa aikin bai ƙare ba, hannu ɗaya aka biya, saura wuya. Sun san Litinin ta sama za a sallami mutumin, sun san motar da zai hau zuwa tashar jirgin ruwa."

"Yaya Guifang, kashe shi za su yi?"

"Uwarsu ce, Amarya. Juya ɗaya gefen."

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na ce zan je asibiti a duba min kafaɗa. Na je ɗin, an duba. Sannan na hau bene na uku, inda Kang yake kwance.

Ban gane shi ba sai da na karanta sunan a jikin gado. Ido ɗaya a rufe da auduga, likita ya ce ba zai buɗe ba kuma. Hannun a cikin farin siminti har gwiwa. An ɗaure masa muƙamuƙi, magana tana fita ta gefe.

Ya daɗe yana kallona da ɗayan idon.

"Ba ki zo da barkono ba? Nan ne asalin abincin asibiti."

Na fashe da kuka, shi ya riƙa ba ni haƙuri. Na ce me ya sa bai gaya wa 'yan sanda ba.

"Na gaya musu. Suka ce wa zai shaida? Na ce matarsa. Suka ce matarsa ta ce rana ce a idonta." Ya yi wani abu mai kama da dariya. "Ogan aiki ma ya ce bai san wa ya hau wace mota ba ranar, bayan guguwa kowa hawa yake. Baƙo ne ni, 'yar nan. Maganata ba ta da nauyin tofin binlang a nan."

"Me ya sa ka yi shiru tun farko?"

"Ni ma ina da uwa a ƙasa. Na ga fuskarsa ranar, na ce abin da ke kan yaron nan ya ishe shi." Ya nemi ruwa, na ba shi da tsinke. "Ki gaya wa tsoho, idan yana so. Tifa huɗun nan ni na san inda aka juye. Ƙafar hasumiya ta gabas, wadda ke kallon teku. Ba a ramin wuta take ba. Washegari aka zuba kankare kwana biyu ba tsayawa. Ba mai fito da ita, amma wuta ba za ta taɓa ta ba."

Na ce ranar Litinin kada ya hau motar safe.

"Sai in hau wacce? Hanya ɗaya ce a tsibirinku."

A mota ina dawowa na yi ta ƙoƙarin tuna ko akwai littafin da yarinyar ita ce ta tsaya tana kallo. Duk waɗanda na karanta, tana shiga tsakani, sanda ta sauka a bayanta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An sako Yaya. Bai shiga gida ba sai da ya tsaya wurin maƙeri da addar saran kwakwa.

Asabar, 5 ga Afrilu, Ranar Sharar Kaburbura, ƙarfe huɗu

Kowane gida ya tafi sabuwar maƙabarta da tsintsiya. Mu muka tafi shinge.

Yaya ya goya Baba. Guifang ta ɗauki dafaffiyar kaza da shinkafa ƙoƙo uku, ni na ɗauki turare da kuɗin takarda na ƙonawa. Tingbo ya bi mu a baya da giya. Mai gadi ya gan mu ya kau da kai, shi ma ɗan wani ne.

Muka shimfiɗa tabarma a jikin waya. Baba ya kunna turare, ya ɗaga da hannu biyu, ya tsaya. Filin ya fi ƙauyuka uku faɗi. Ya fuskanci hasumiya. Ya juya wajen ramin. Ya juya wajen tudun ƙasar da ke kudu. Tokar turaren tana zuba masa a hannu.

"Ta ina, Tingbo?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kai da ke shiga kullum."

"Ban sani ba."

Sai Baba ya yi sujada ta kowace fuska, da kumburarriyar ƙafar, Yaya yana ɗaga shi yana juya shi kamar buhu. Gabas ce ta ƙarshe, kuma kafin a kai can turaren ya mutu. Yaya ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Jibi zan kawo miki abin da ya fi kaza."

Tingbo ya zuba giya a ƙasa. A hanyar dawowa ya riƙe min kwando, ya tambaye ni kafaɗa.

Ina son sa. Na rubuta don in ga ko har yanzu gaskiya ne, kuma gaskiya ne. Na san kuma addar Yaya ba ta tambayar wuyan wa aka nuna mata. Ƙarfe shida da rabi Tingbo ke nuna kati ya shige, Yaya ba shi da kati, ba kuma mai ba shi. A ciki akwai ɗakin kwanan ma'aikata, akwai masu gadi, akwai ofishin 'yan sanda a bakin ƙofa. Iyakar abin da zan iya yi masa ke nan.

Na sa riga biyu da katin shaidata a jakar kasuwa, na rufe da albasa.

Gobe ƙarfe bakwai zan kai wa Baba kunu, in sa Guifang ta kira Yaya. Zan gaya musu wanda ke cikin katafila mai lamba bakwai, da inda Inna take. Zan maimaita wa 'yan sanda, in sa hannu. Daga nan in hau motar ƙarfe goma zuwa gidanmu.